Digiri na biyu a akanta da odit, ko jarrabawar ƙwararru: wanne za a fara?

Hafsat: Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Shawara nake nema wurin waɗanda suka riga mu. Na gama digirin farko a fannin akanta, yanzu ina aiki a wani ƙaramin ofishin odit, wato binciken lissafin kuɗin kamfanoni. Abu biyu ne a gabana, kuma lokacina ba zai ɗauki duka a tare ba: ko in shiga digiri na biyu a akanta da binciken kuɗi, ko in dage da jarrabawar ƙwararru. Wasu na ce mini digiri na biyu tsohon karatu ne aka sake wa suna, wasu kuma na cewa in babu shi mutum ba zai wuce ɗaukar fayil ba. Don Allah wanda ya yi ya gaya mini abin da ke ciki da gaske.

Baba Garba: Wa alaikumus salam. 'Yata, kafin a cika ki da bayani, amsa mini wannan: so kike wata rana ki sa hannu a ƙarshen rahoton odit da sunanki, ko so kike ki tsaya gaban aji? In sa hannu ne, ki sani jami'a ba ta ba da wannan izinin. Hukumar ƙwararru ko hukumar da doka ta ɗora wa aikin ce ke bayarwa, bayan jarrabawa da shekarun aiki a ƙarƙashin mai lasisi. Ko digirin digirgir gare ki, ranar sa hannu mai lasisi za ki miƙa wa biro.

Hafsat: Baba, Allah ya ƙara girma. Gaskiya aikin nake so, ba koyarwa ba. Amma ba na so in kai shekara arba'in sannan in ga ƙofa a rufe saboda takarda.

Sadiq: Bari in sa baki a kan jarrabawar, tunda ita na bi. ACCA, wato ƙungiyar ƙwararrun akantoci mai hedkwata a Birtaniya, a tsarin da aka daɗe ana bi jarrabawa 13 ce, da wata 36 na aikin da wani zai shaida kin yi, da darasin ladubban sana'a. Mai digiri a akanta yana iya samun a yafe masa har guda 9, gwargwadon yadda suka tantance kwas ɗin jami'arsa, amma na matakin ƙarshe ba a yafe wa kowa, ko da kuwa ya zo da digiri na biyu. Sun sanar za su sauya tsarin daga 2027, don haka kada ki dogara da abin da muka yi a zamaninmu, ki karanta na yanzu. Kuma zama mamba daban, izinin sa hannu a odit daban, wannan sai an sake nema.

A Amurka labarin ya ɗan bambanta. An daɗe ana buƙatar awa 150 ta karatun jami'a (ma'aunin nauyin darussa ne, ba awar agogo ba) kafin lasisin CPA, wato lasisin ƙwararren akanta a can, digirin farko kuwa yawanci 120 ne. Wannan giɓin ne ya sa digiri na biyu na shekara ɗaya a akanta ya yi kasuwa a can, mutane na shiga ne don cike awa 30. Yanzu wasu jihohi sun fara buɗe wata hanyar, a maye gurbin ƙarin karatun da ƙarin shekarar aiki.

Inda na san digiri na biyu yana rage wa mutum tafiya kai tsaye shi ne CIA, takardar masu odit na cikin gida. Jarrabawa kashi uku ce. Mai digirin farko sai ya kawo shekara biyu ta aiki, mai digiri na biyu shekara ɗaya.

Dokta Maryam: Sannunku. Baba ya faɗi gaskiya a kan lasisi, ba ni da ja. Inda nake da magana shi ne batun "tsohon karatu da sabon suna". Wani lokacin haka ne, kuma laifin mai nema ne da bai karanta jerin darussan ba kafin ya biya kuɗi. Abubuwa daban-daban ne ake kira da suna ɗaya. Akwai kwas da aka shirya don wanda bai taɓa karanta akanta ba, ya zo daga tattalin arziki ko injiniyanci. Ke Hafsat in kin shiga wannan, za ki zauna ana koya miki zare da ajiya a leja, ki yi ta hamma. Akwai wanda aka ɗinka shi daidai da jarrabawar ƙwararru. Akwai kuma na bincike, wanda rabinsa ƙididdiga ne da karanta maƙalu, ƙarshensa kundi. A Birtaniya yawanci shekara ɗaya ne cif, kashi ɗaya cikin uku na makin yana kan kundin. A ƙasashen Turai da dama ya kan kai shekara biyu.

Ga bambancin da nake gani a aji. A digirin farko an ce miki kamfani ya sayi inji a kan miliyan 100, zai yi shekara 5, ki fitar da raguwar darajarsa ta shekara. Ki ce miliyan 20, a ba ki maki. A digiri na biyu tambayar ita ce: wa ya ce shekara 5? In manaja ya ce 10, abin da za a cire a shekara ya koma miliyan 10, riba ta ƙaru da miliyan 10 ba tare da an sayar da ko allura ba. To, alawus ɗin manajan nan yana rataye da riba? Akwai bashin banki da aka sharɗanta kada riba ta sauka ƙasa da wani mataki? A wace shekara aka canza lissafin, kuma me ke faruwa a kamfanin a lokacin? Babu ƙa'idar da aka karya, amma lambar ta motsa. Yawancin manyan lambobin da ke rahoton shekara irin wannan ne: bashin da ake zaton ba za a biya ba, darajar kayan da suka kwana a sito, kuɗin da aka ware saboda shari'ar da ke kotu. Duk ƙiyasi ne na mutum, kuma mutumin yana da abin da yake so.

Baba Garba: Dokta, wannan ai kowane yaro da ya yi shekara uku a fagen aiki ya san shi, ba sai ya biya kuɗin makaranta ba. Ni abin da ke damuna da masu fitowa daga wurinku, sun iya kiran sunayen Turawa da shekarun da suka yi rubutu, amma ka kai su sito su tsaya suna kallon sitokifa.

Na taɓa zuwa ƙidayar kaya ta ƙarshen shekara a wani kamfani, ba sai na faɗi suna ba. Katan-katan an jera su har kusa da rufi, fuska huɗu, tsaf. Yaron da ke tare da ni ya ƙirga tsawo, ya ƙirga faɗi, ya ƙirga bisa, ya ninka, lamba ta yi daidai da takardar sito. Har ya ɗaga biro. Na ce a kawo tsani. Sitokifa ya fara cewa ai masu ɗaukar kaya sun tafi cin abinci. Na ce za mu jira su. Da aka sauke layi biyu na sama, sai ga tsakiyar wayam, an gina katanga ne kawai aka bar rami. Waɗanda ke ƙasa ma da na sa ƙafa na ture ɗaya, sai ya tafi kamar ba komai a ciki, don kuwa ba komai. Daga nan na ce a ba ni littafin fitar da kaya, na rubuta lambar takarda ta ƙarshe da aka yanka kafin a rufe shekara, don kada a wayi gari a cusa cinikin watan gobe cikin na bana. Kuma ƙidaya ta biyu ce: daga takarda ka je ka nemo kayan, daga kayan ka dawo ka nemo su a takarda. Ta farko tana kama abin da aka rubuta babu shi, ta biyu tana kama abin da yake nan ba a rubuta ba. A wane aji ake koyar da ture kwali da ƙafa?

Ummi: Tabɗi. Baba, sitokifan fa, me ya ce?

Baba Garba: Ya ce iska ce ke ratsawa ta tsakiya don kada kaya su lalace.

Ummi: Kai jama'a! 😂

Dokta Maryam: Ranka ya daɗe, ba a koyar da ture kwali, na yarda. Amma ka san me ya sa aka wajabta maka zuwa siton tun farko? Akwai lokacin da odita ba ya zuwa. A 1896, a shari'ar Kingston Cotton Mill a Ingila, manaja ya yi shekaru yana kumbura darajar kayan da ke ajiye, masu odit kuma suka karɓi takardar da ya sa wa hannu. Kotun ɗaukaka ƙara ta wanke su, har alƙali Lopes ya yi maganar da ake ta maimaitawa, cewa odita karen gadi ne, ba karen farauta ba. Aka ci gaba a haka har 1938, lokacin da asirin kamfanin magunguna na McKesson & Robbins ya tonu a Amurka. Kusan dala miliyan 19 na kaya da basussukan da ake bin 'yan kasuwa duk na bogi ne, sitocin da aka ce suna Kanada babu su, takardu kawai ake bugawa. Shekara ta gaba, 1939, aka mayar da halartar ƙidayar kaya da tura wa masu bashi wasiƙar tabbatarwa cikin aikin da ake sa ran odita ya yi. Tsanin da ka sa aka kawo, daga wannan badaƙalar ya samo asali.

Amfanin sanin wannan ba don a burge mutane da shekaru ba ne. Wanda ya san wace ɓaraka aka toshe da wace ƙa'ida, shi ne zai gane ranar da ake bin ƙa'idar a takarda alhali ɓarakar tana nan a buɗe.

Sadiq: Wannan maganar ta Dokta ita ce labarin Wirecard, kamfanin hada-hadar biyan kuɗi na Jamus, daga farko har ƙarshe. Yuro biliyan 1.9 aka ce suna ajiye a bankuna biyu a Filifin. A watan Yunin 2020 bankunan suka ce takardun da ake yawo da su na jabu ne, cikin kwanaki kamfanin ya durƙushe. Kafin nan an yi badaƙalar kamfanin madara na Parmalat a Italiya a Disambar 2003, wasiƙar jabu da sunan Bank of America tana tabbatar da kusan yuro biliyan 4 da babu su. Ƙa'idar kuwa ɗan aji biyu ya san ta: wasiƙar tabbatar da kuɗin banki, kai odita kai za ka aika, adireshin kai za ka tantance, amsa kuma hannunka za ta dawo kai tsaye, ba ta biyo ta ofishin wanda kake bincika ba.

Baba Garba: To ka ga ni. Waɗanda suka yi aikin nan takardu ne suka yi musu kaɗan? Manyan kamfanonin odit na duniya ne, cike da masu digiri iri-iri. Abin da ya yi ƙaranci shi ne mutum ya iya cewa ban yarda ba, a gaban wanda ke biyansa.

Dokta Maryam: Ai Baba yanzu ka shigo ajina ba ka sani ba. Tun 1981 wata mai bincike, Linda DeAngelo, ta fassara ingancin odit da abu biyu a haɗe: yiwuwar odita ya gano matsala, da yiwuwar ya faɗa bayan ya gano. Na farko ƙwarewa ce, na biyu 'yanci. Kusan duk binciken da ake yi a fannin tun daga lokacin, neman hanyar auna waɗannan biyun ne.

Baba Garba: Ita ta rubuta, mu muka sha zafin.

Nura: Ni ina cikin kwas ɗin yanzu, zango na biyu. Anti Hafsat, abin da ba wanda ya gaya mini kafin in shiga shi ne yawan ƙididdiga. Na ɗauka za mu zurfafa ne a IFRS, wato ƙa'idojin rahoton kuɗi na duniya, sai na tarar darasin da ya fi cin lokacina shi ne hanyoyin bincike. Manhajojin ƙididdiga irin su Stata da R, tsaftace alƙaluma, da rigireshan, wato lissafin auna alaƙar wani abu da wani. Makon farko aka ba mu maƙalar Ball da Brown ta 1968, wadda ta gwada ko farashin hannun jari yana motsawa da labarin riba. Shafukan ba su da yawa, amma teburan ciki sun hana ni barci. In za ki shiga, ki fara tuna lissafin ƙididdiga tun yanzu, kuma ki wuce matakin haɗa jimla a Excel.

Amma akwai daɗi. Darasin ƙa'idoji ba haddar lamba ba ce. An tambaye mu me ya sa aka kawo IFRS 16 a 2019. Da can kamfanin jiragen sama zai yi hayar jirage na shekara goma, yana aiki da su kullum, biyan hayar ya zama dole a kansa, amma in ka duba takardar kadara da bashi ba jirgi ba bashi. Yanzu dole duka biyun su fito. Haka IFRS 9 a 2018: da sai banki ya ga alamar bashi ya lalace yake ware asara, rikicin 2008 ya nuna ana warewa a makare, sai aka koma ƙiyasin asarar da ake hange tun ranar da aka ba da bashin. Sai malamin ya ce, to wa ke yin hangen? Aji ya yi tsit.

Ummi: Nura, gaskiya ne akwai wani lissafi da ke kama lambobin ƙarya? Wani ya ce mini da kwamfuta kawai ake gane ɓarawo yanzu.

Nura: Dokar Benford yake nufi. A tarin lambobin da suka taso da kansu, kamar kuɗaɗen da aka biya cikin shekara, kusan kashi 30 cikin ɗari da 1 suke farawa, masu farawa da 9 kuwa ba su kai kashi 5 ba. Mai ƙirƙirar lamba daga kansa ya kan rarraba su daidai wa daida, ko ya yi ta maimaita wasu. Amma ba ta kama ɓarawo, nuni kawai take yi a je a duba. Kuma ba ta aiki a kan lambobin da aka tsara, kamar lambar rasit, ko inda aka sa iyaka.

Sadiq: Batun iyakar ma shi ne abin dubawa. In manaja yana da ikon amincewa da biyan kuɗi har zuwa wani adadi shi kaɗai, ka jera baucocin shekara ka ga sun yi cincirindo dab da ƙasan adadin, sau da yawa kwangila ɗaya ce aka yayyanka. Wannan ba ya buƙatar Benford, tacewa ce kawai. Abin da ya canza a aikinmu shi ne da ana tsamo kaɗan a duba, yanzu ana iya zuba duk shigarwar leja ta shekara a manhaja a tambaye ta: wa ya shigar da abu ranar hutu, wa ya shigar da tsakar dare, wace shigarwa aka yi ranar ƙarshe ta wata aka warware ta washegari. Kuma kada a raina odit na cikin gida. Badaƙalar kamfanin sadarwa na Amurka, WorldCom, ta 2002, dala biliyan 3.8 na kuɗin gudanarwa da aka rubuta a matsayin kadara, Cynthia Cooper da ma'aikatanta na cikin gida ne suka tono ta, ba na waje ba.

Bashir: Afuwan zan ɗan karkatar da zance. Ni tattalin arziki na karanta. Za a ɗauke ni?

Dokta Maryam: Malam Bashir, a na bincike za ka iya fin masu digirin akanta sakewa, don ƙididdigar da ke wahalar da Nura kai ka riga ka sha ta. Inda za ka sha wuya shi ne karanta rahoton kuɗi da kansa. In aiki kake nufi, nemi kwas ɗin da aka shirya don masu sauya fanni, kuma ka tambaya a rubuce ko hukumar ƙwararru ta amince da shi.

Hafsat: Dokta, batun kundin fa? Shi ya fi ba ni tsoro. Duk wanda na tambaya sai ya ce maudu'insa "tasirin kaza a kan ingancin rahoton kuɗi".

Dokta Maryam: Kin taɓo inda ke mini ciwo. Duk shekara sai an kawo mini irin wannan tuli: tasirin girman kwamitin odit (kwamitin kamfani da ke sa ido kan aikin odit), tasirin yawan daraktoci, tasirin girman kamfanin odit. A ɗauko kamfanoni kaɗan na shekara biyar, a zuba a tsarin Jones na 1991 ko gyararrensa na 1995, a samu tauraro biyu a tebur, alamar cewa sakamakon ba dace ba ne kawai, a rubuta shawarwari ga gwamnati. Tsarin Jones ƙoƙari ne na raba ribar da ke kan takarda gida biyu: wadda yanayin kasuwanci ya haifar, da wadda ake zargin hannun manaja ne. Abin da lissafin ya kasa bayyanawa shi ake kira hannun manaja. To kamfanin da ke girma da sauri ma zai fito da irin wannan ragowar, ba tare da kowa ya yi maguɗi ba. Ɗalibi kaɗan ne ke tsayawa ya faɗi haka a kundinsa.

Sai babbar matsalar: wa ya haifi wa? Ka gano kamfanonin da manyan ofisoshin odit huɗu na duniya, Deloitte, PwC, EY ko KPMG, ke bincika sun fi tsaftar rahoto. Shin manyan ne suka tsaftace su, ko kuwa masu tsaftar ne tun asali suke zuwa wurin manyan, su ma manyan suna gudun masu datti? Teburinka ba zai gaya maka ba sai ka tsara binciken da wannan tambayar a ranka. Ranar kare kundi, nan nake fara tambaya, kuma nan ake fara gumi.

Shawarata, ki fara da abin da kike iya samu, ba da take mai daɗin ji ba. Manyan rumbunan alƙaluma irin su Compustat sai jami'ar da ta biya. Amma rahoton shekara na kamfanonin da ke kasuwar hannun jari kyauta ne. Tun ƙarshen 2016, ƙa'idar ISA 701 ta sa masu odit na irin waɗannan kamfanoni su rubuta batutuwan da suka fi ɗaukar hankalinsu a aikin shekarar. Ki tattara na kamfanoni talatin na shekaru da dama, ki karanta da idonki: suna canzawa in yanayin kamfani ya canza, ko kwafe na bara ake yi? In an sauya kamfanin odit, batutuwan na sauyawa? Wannan aiki ne da mai zaman ofishin odit kamar ke za ta fi kowa iya karanta shi. Akwai kuma fagagen da ba a cika cunkoso ba: lissafin gwamnati a ƙarƙashin ƙa'idojinsa na duniya, IPSAS, ƙa'idojin hukumar AAOIFI da ke Bahrain na bankunan Musulunci da inda suke saɓawa da IFRS a kan murabaha (sayarwa da ƙarin ribar da aka bayyana) da ijara (haya), rahoton sauyin yanayi tunda hukumar ISSB mai tsara irin wannan rahoton ta fitar da ƙa'idojinta S1 da S2 a 2023, da IFRS 18 da za ta canza fasalin takardar riba da asara daga 2027. Ba dole ba ne ma sai lissafi. Hira da masu aikin, in an tsara ta da kyau, bincike ce cikakkiya.

Abu na ƙarshe, ki binciki malamin da zai duba kundin fiye da yadda kike binciken sunan jami'ar. Ki nemi ɗalibansa na baya ki tambaye su tsawon lokacin da babi ke yi a hannunsa.

Nura: Wannan ta ƙarshen a rubuta ta da manyan baƙaƙe.

Baba Garba: Ba zan hana kowa karatu ba. Amma 'yata, in ni ne ke, jarrabawar zan fara. Kina cikin aikin yanzu, watannin da ake buƙata suna taruwa da kansu, abin da kika karanta da dare za ki gan shi a fayil da safe. Jarrabawar nan kuma tana son ƙuruciya, in nauyi ya ƙaru ba ta yafiya. Jami'a ba inda za ta je.

Dokta Maryam: Za ku yi mamaki, ni ma abin da zan ce mata ke nan, tunda ta ce aiki take so. Ɗaliban da suka fi ba ni kundi mai ma'ana su ne waɗanda suka zo bayan sun yi aiki, don sun zo da tambayar da ta dame su, ba wadda suka tsinta a kundin wani ba. Wanda zan ce ya wuce kai tsaye shi ne mai niyyar digirin digirgir da koyarwa, ko wanda ya samu tallafin karatu a hannu, don shi ba ya jira.

Sadiq: Ikon Allah, yau Baba da Dokta sun haɗu a layi ɗaya.

Baba Garba: Kada ka yi saurin murna. Dokta, ga tambayar da nake so masu bincikenku su amsa. Kamfani ne ke ɗaukar odita, kamfani ne ke biyansa, kamfani ne ke iya sallamarsa. An ce masu hannun jari ne ke naɗawa a babban taro, amma duk wanda ya halarci taron ya san daga ina sunan ke fitowa. Shekara nawa kuna rubutu, me kuka canza a nan?

Dokta Maryam: Tushen bai canza ba, ranka ya daɗe, gefe-gefen aka daddatse. A shekarar 2000 kamfanin odit na Arthur Andersen ya karɓi kusan dala miliyan 25 na odit daga Enron, kamfanin makamashi na Amurka, da kusan miliyan 27 na wasu ayyukan. Bayan rushewar Enron a ƙarshen 2001, dokar Amurka ta Sarbanes-Oxley ta 2002 ta hana odita yi wa wanda yake bincika wasu ayyukan shawara, ta kafa hukumar PCAOB ta riƙa duba aikin masu odit, ta mayar da ɗauka da biyan odita hannun kwamitin odit, ta kuma ce a sauya babban abokin tarayyar da ke jagorantar aikin duk shekara biyar. Tarayyar Turai a 2014 ta ƙara gaba, ta ce kamfanin odit ɗin kansa a sauya shi bayan shekara 10, da damar tsawaitawa in an sake buɗe takara ko ana aikin haɗin gwiwa. Faransa ta daɗe tana sa kamfanonin odit biyu su yi aiki tare a kan manyan kamfanoni. An kuma kawo shawarar wata hukuma ta daban ta riƙa naɗawa, ko kamfanin inshora ya ɗauki oditan tunda shi zai biya in rahoto ya zama ƙarya.

Ko sauyawar tana gyara aiki? Sakamakon bincike ya rabu. Sabon odita ba shi da sabo da manaja, amma kuma bai san kamfanin ba, shekarunsa na farko nan ne ake iya wuce shi da abubuwa. Wirecard ma bayan dokar 2014 ta faru.

Baba Garba: Wato dai ba ku da amsa.

Dokta Maryam: Muna da ta wasu ƙasashe, a kan manyan kamfanoni. Ƙananan ofisoshi irin wanda ka yi rayuwarka a ciki, inda abokin ciniki ɗaya zai iya zama rabin kuɗin shigar ofis, kusan ba a jin muryarsu, don ba sa cikin rumbun alƙaluma kuma ba sa yarda a yi hira da su. In na turo maka ɗalibi da rikoda, za ka zauna da shi?

Baba Garba: Ba da rikoda ba. Ya zo da littafi da biro, kuma ba zan kama sunan kowa ba.

Nura: Dokta, ni ban riga na miƙa maudu'ina ba fa.

Dokta Maryam: To rubuto mini shafi ɗaya: tambayar da kake son amsawa, su wa za ka yi hira da su ban da Baba, da yadda za ka samu izinin kwamitin ladubban bincike na makarantarku. Ka fara nuna wa mai duba aikinka kafin ka turo mini.